Kafin Ka Kai Kuɗinka Kasuwar Lasifika

Duk matashin da ya zo wurina neman shawara a kan kayan sauti na falo, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa hom tiyata, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "Baba, wanne ya fi ƙara?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi wanne ya fi fitar da magana tas, ko wanne zai shekara goma bai ga teburin mai gyara ba. Ni kuwa a bakin teburin nan na ƙarar da ƙuruciyata, tun zamanin garmaho da rediyo mai bawul har zuwa na'urorin yanzu da ba ka ganin kayan cikinsu sai da gilashi mai ƙara girma. Abin da sana'ar ta nuna mini shi ne mutane suna zuba kuɗi a inda kunne ba ya amfana, inda ya kamata a saki hannu kuma nan suke yin ƙwauro.

Mu da muka yi kallo a silimar Plaza da Orion da Marhaba a Kano, a fili ba rufi, daga gaba kawai sauti yake zuwar mana, daga wajen allon, kuma hakan bai hana mu komawa gida da waƙoƙin Indiya a baki ba. Wannan salo na sauti ya zagaye mutum ta ko'ina, a gidajen silimar Amurka ya yi ƙarfi. Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a Landan a 1965, ya fito da tsarin Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns a 1992, shekara na zagayowa kishiyarsa DTS ta biyo baya da Jurassic Park. Faifan DVD, da ya fara shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 1996, shi ya yaɗa abin daga silima zuwa falon mutane. Lambar nan 5.1 da ke jikin kwali ƙidayar lasifiku ce: biyu a gaba, hagu da dama, ɗaya a tsakiya kusa da talabijin, biyu a gefe ta ɗan baya, sai ƙaton akwatin da ake kira wufa, wanda aikinsa rugugi. A 2012 an ƙaro Dolby Atmos mai kawo sauti har ta saman kai, amma wannan bai shafi mai ƙirga kuɗinsa ba tukuna.

A cikin shidan nan, wadda aka fi rainawa ita ce ta tsakiya, alhali ita ke ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa. Harbe-harbe da fashewar bam da jirgi ya wuce ta kanka, duka na ɗan lokaci ne, sauran awa biyun mutane ne ke zance. Amma je ka duba saitin da ake sayarwa cikin kwali guda. Dogayen lasifiku masu sheƙi hagu da dama, ta tsakiya kuwa 'yar ficiciya ta roba wadda za ka ɗaga da yatsa biyu. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi a gidansa: ana magana sai a ƙara murya don ba a ji, bindiga na tashi sai a zabura a nemi rimot a rage, haka za a yi ta yi har fim ya ƙare. Mu manya abin ya fi damunmu. A ƙuruciya kunnen ɗan'adam yana kama sauti tun daga Hz 20 har kusan 20,000, amma da shekaru sun ja, siraran sautukan sama su ke fara gudu, kuma a can irin su "s" da "sh" da "ts" suke zaune, waɗanda ke raba kalma da 'yar'uwarta. Shi ya sa tsoho zai ce maka yana jin murya amma bai gane abin da aka ce ba. Ka ƙara masa ƙarfi, hayaniya ka ƙara masa. Lasifika mai wanke murya yake bukata. In mahaifinka ko mahaifiyarka suna zama kallo tare da ku, to su ma suna da haƙƙi a cikin kuɗin nan, kuma haƙƙin nasu a lasifikar tsakiya yake.

Sai maganar wat, inda aka fi cutar bayin Allah. An taɓa kawo mini wani saiti da aka rubuta wa wat 5,000 da manyan jajayen haruffa. Mai shi direban tifa ne, ya daɗe yana tara kuɗin, bai kuma jima da saye ba abin ya yi shiru. Na kwance sukurori na ɗaga murfin a gabansa. Ciki fayau, sai wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba a kusurwa, da taransifoma kamar kwalin ashana. Na juya bayan na'urar na nuna masa ɗan rubutun da ke kusa da wayar wuta, inda kamfanin da kansa ya faɗi abin da take ja daga soket: wat 60. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce, "To Baba, sauran fa?" Na ce masa babu sauran, abin da ya sha wat 60 ba shi da inda zai samo dubu biyar ya ba ka. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci, domin guminsa aka ci. Duk lambar da ka ga an liƙa mata haruffan PMPO, ka ɗauke kai, ba ta da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda ake dubawa ita ce ta RMS, ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, a kowace hanya, wato ga kowace lasifika. Ita ma kada ta ruɗe ka da yawa. In ka ninka wat biyu, abin da ya ƙaru a ƙara desibel 3 ne kacal, kunne ya ji dai an ɗan motsa. Kafin ka ji sauti ya ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau goma. Amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifiku ƙarfi, mai wat 50 na gaskiya a kowace hanya ta ishi falon yawancinmu har da saura. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai dalilin da ya sa nake ba mutane shawara su sayi amfilifaya daban, lasifiku daban, ko da na hannu ne. A gabana aka yi kaset ɗin bidiyo, aka yi VCD, aka yi DVD, Blu-ray ya zo a 2006, yanzu komai ta intanet yake shigowa. Kowane sauyi yana tafiya da na'urar da ke karanta faifan, har da irin wayar da ake jonawa. Lasifika kuwa tana nan yadda take: maganaɗisu, naɗin waya da takarda mai rawa. Mai kyau da aka yi shekara talatin da suka wuce, in ba a ƙona ta ba, yau ma za ta yi aiki da sabuwar amfilifaya. Saitin kwali guda kuma, ranar da amfilifayar cikinsa ta mutu, sau da yawa lasifikun sun zama marayu, domin wasu kamfanoni suna yin su a kan ma'aunin om 3 da wani irin bakin waya nasu na kansu, alhali amfilifayoyin kasuwa om 6 ko 8 suka fi so. Na ga irin waɗannan lasifiku jibge a bayan shaguna, lafiyarsu ƙalau, ba mai ɗauka.

Wanda bai sa kuɗin wuta a lissafinsa ba, bai gama lissafi ba. Mafi yawan gawarwakin da aka shimfiɗa mini a tebur, wuta ce ta kashe su: an ɗauke an dawo da ita da ƙarfi, ko janareta ya yi tari, ko tsawar damina ta biyo wayar dish ta shigo ta dikoda. Sitabilaiza mai nauyi da soket mai kariya, a rana ɗaya ake sayensu da amfilifaya, kada a ce sai wata ya yi. In kayan Beljiyam za ka saya, a Sabon Gari ne ko a Alaba ta Legas, juya bayansu ka karanta kafin ka yi ciniki. Wutarmu bolt 230 ce, daidai da ta Ingila da Jamus. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Na'urar Amurka ko ta Japan in ka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, shi ma da kuɗinsa. Sannan a bar wa amfilifaya wurin shan iska, kada a kulle ta a kabad a zafin bazara, a kuma riƙa rufe ta da ƙyalle in an kashe ta lokacin hunturu, saboda ƙura.

Ka kuma tambayi kanka me ake kallo a gidan. Shirye-shiryen Kannywood da ake sakawa a YouTube da Arewa24, da labarai, da wa'azi, galibinsu hanya biyu aka haɗa sautinsu, hagu da dama. Babu wani abu da aka tanadar wa lasifikun baya. Amfilifaya tana iya yin dabara ta ɗebo ɗan amo ta watsa musu, abin da tsarin Dolby Pro Logic yake yi tun 1987, amma ɗan amo ne kawai. Sai a finafinan Amurka da na Indiya na zamani, a faifai na asali ko a irin su Netflix, ake samun hanyoyi shidan cif. In gidanka gidan Kannywood ne da ƙwallon ƙafa, lasifikun baya su ne na ƙarshe a layi, kuma ƙanana masu araha sun wadatar.

Ɗakin ma yana da nasa kason. Falon yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, silin mai santsi a sama. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji tafin ya dawo maka yana kaɗawa, to haka zai yi wa kowace kalma. Kafet mai kauri da labule mai nauyi za su gyara maka abin da ƙarin kuɗin lasifika ba zai gyara ba, uwargida kuma ba za ta yi gardama da wannan sayayya ba.

Ba zan kira farashi ba, domin tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin kayan waje ba ya kwana inda ya yini. Amma in ka ba ni naira ɗari ka ce in raba maka, rabi zan ba lasifiku ukun gaba, kuma su zama 'yan gida ɗaya don muryarsu ta zo ɗaya. Kusan talatin ga amfilifaya. Abin da ya rage na sitabilaiza ne da waya da ladan mai haɗawa, da ɗan abin da za a ajiye saboda ranar gyara. Wayar ma kada a yaudare ka da mai kan zinariya, jan ƙarfe na gaske mai ɗan kauri shi ne magana. Za ka ce ina wufa, ina na baya? Suna nan tafe. Wannan ne alherin sayen abu a rarrabe: ka fara da amfilifaya da lasifiku biyu masu kyau, ka yi wata shida kana jin daɗinsu, kwasar adashi ta zo ka ƙara ta tsakiya, wata shekara ka ƙara saura. Abin da ba na so in gani shi ne bashi. Na ga angwaye da suka ci bashi don a ga dogayen lasifiku a ɗakin amarya ranar kai ta, wata uku ana biya, ana cefane da ƙyar, daga ƙarshe a kawo mana kayan a ce a taimaka a sayar a rabin kuɗi. Kayan nishaɗi daga rarar kuɗi ake sayensu, bayan abinci da haya da kuɗin makaranta sun samu nasu.

Ranar da za ka kasuwa, tafi da naka sautin a waya ko filashi, muryar da ka sani sarai, kamar mai karanta labarai ko malamin da ka saba saurare. Mai shago kiɗa mai duka zai sa maka ya ƙure, don rugugi yana rufe aibi. Ce masa, "Ɗan'uwa, rage bes ɗin nan, sa mini wannan." Ka ja da baya gwargwadon nisan kujerarka da talabijin, a rage murya sosai, ka ji ko kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya. Lasifikar da ta yi daɗi a ƙaramar murya, galibi za ta yi a babba. In ta hannu ce, cire ragar gabanta ka duba zoben soso ko robar da ke kewaye da takardar, ko ya tsage ko ya fara marmashi. Ka sa yatsu ka tura takardar a hankali, in ka ji tana ƙarce-ƙarce a ciki, naɗin ya taɓa ƙonewa, ajiye ta. Ka kuma riƙe ɗan batirin rediyo a aljihu, ka taɓa shi a wayoyin biyu na ɗan lokaci, mai rai za ta ce ɓus ta motsa.

Wufa na bari a ƙarshe da gangan, domin ita kaɗai ce a cikin kayan nan da sautinta ba ya tsayawa a ɗakinka. Siririn sauti bango yana tare shi, rugugi kuwa ratsa bulo yake yi ya bi ta ƙasa, ya je ya sami mai jego da marar lafiya da wanda zai tashi aikin asuba. Su ba sa jin fim ɗin, dukan kawai suke ji a ƙirji. A gidan haya mai ɗakuna jere na sha ganin zumuncin shekaru ya lalace a kan wannan akwati. In ka ga dole sai ka saya, sayi madaidaiciya mai nata maɓallin ragewa, kada ka jingina ta da bangon da kuka haɗa da wani, ka ɗora ta a kan kafet, ka kuma nemi saitin dare da yawancin amfilifayoyi ke da shi don bayan isha'i. Ranar da ka haɗa ta, kunna fim yadda ka saba, ka yi sallama ɗakin maƙwabcinka ka tsaya ka saurara da kunnenka, ka sa yaro ya riƙa ragewa har ka daina jin dukan, sannan ka dawo ka yi wa maɓallin alama da biro a inda ya tsaya.