"Ga Ɗan Sanda Nan Zai Kama Ka"

Kwanakin baya ina tsaye a bakin titi da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina jiran a-daidaita-sahu, sai ga wasu yara uku 'yan firamare. Babbar cikinsu ba za ta wuce shekara tara ba, tana riƙe da hannun ƙannenta biyu. Su sa ƙafa su janye, su sa ƙafa su janye, domin motoci da babura ba su da niyyar sassautawa. Can sai ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar ya hango su. Ya busa usur, ya ɗaga hannu, kowa ya taka birki, sannan ya tako ya miƙa wa ƙaramin hannu. Yaron nan sai ya fashe da kuka, ya ɓuya a bayan yayarsa. Da ƙyar ɗan sandan ya lallaba shi yana cewa, "Yi shiru ɗan ƙanena, tsallakar da ku zan yi."

Wannan kuka ya tsaya mini a rai, don na san inda aka koya masa shi. A gida ne. Yaro ya ƙi cin tuwo, a ce za a kira masa ɗan sanda. Ya ƙi wanka, ya ƙi zuwa makarantar allo, a ce ga ɗan sanda nan zai kama shi. A da can da dodo ko kura ake ba yara tsoro, yanzu mun maye gurbinsu da mai kaki. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da yaron ya ɓace a turmutsutsun Hawan Daushe ko a cikin kasuwar Sabon Gari, mutumin da ya kamata ya ruga wurinsa shi ne wanda zai fara guje wa.

Ɓatan yaro kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk mai sauraron rediyo ya san cigiya: yaro ɗan shekara huɗu, sanye da riga shuɗiya, wanda ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko caji ofis mafi kusa. Da yawa ana samun su kafin magariba. Wasu kuwa sai an kai ruwa rana. A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana ceto yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar da su a Onica, jihar Anambra. An sauya musu suna, wasu sun yi shekaru ba su ga iyayensu ba. Bincike ne na 'yan sanda ya dawo da su gida, kuma a 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104.

Doka ma ta ɗora musu wannan nauyi. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta tanadi a samu jami'ai na musamman masu horo kan sha'anin yara, Kano kuma ta sa hannu a tata dokar a 2023. Sai dai takarda ba ta share hawaye. Uwar da ta zo caji ofis a gigice ɗanta ya ɓace, idan aka ce ta kawo kuɗin mai ko ta koma gida sai gobe, an ɓata lokacin da ya fi kowane tsada. Almajirin da aka kora da bulala daga bakin tasha ba zai taɓa yarda cewa ɗan sanda abokin kowa ne ba. Yarinya mai talla da wani ƙato ya ci zarafinta ba za ta buɗe baki ba, muddin a gaban jama'a za a yi mata tambayoyi da tsawa.

Saboda haka gyaran na ɓangare biyu ne. Iyaye mu daina ba 'ya'yanmu tsoro da ɗan sanda. Mu koya musu cikakken sunansu da na mahaifinsu da sunan unguwarsu, mu sa su haddace lambar waya ɗaya, mu gaya musu in sun ɓace su nemi mai kaki. Idan yaro ya ɓace a kai rahoto nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye. Ku kuma 'yan sanda, yaron da ya zo hannunku amana ce, ko ɗan wane ne, ko da takalmi ko babu. Ku saki fuska, ku durƙusa ku saurare shi, kamar yadda abokin aikinku ya yi a bakin titi rannan da safe. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba masu tsaron ikon riƙe amana.