Direban Ƙanƙara da Famfon Taya Mai Batir

Mota, komai girmanta da kyawun fentinta, a kan iska take tafiya. Ƙarfe ne jikinta, fetur ne abincinta, amma abin da ke ɗauke da ita, da fasinja, da buhunan masarar da aka lafta mata, iska ce da aka matsa cikin roba. Wurin da kowace taya ta ƙaramar mota ke taɓa ƙasa kuwa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. A kan tafin hannu huɗun nan mota ke gudu, a kansu take juyawa, a kansu kuma take tsayawa in an taka birki.

Wannan dabara ba ta daɗe ƙwarai a duniya ba. Cikin shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop, wanda ke zaune a birnin Belfas, ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska don yaron ya daina jin girgizar duwatsu. Cikin 1895 wasu 'yan'uwa biyu na gidan Michelin a Faransa suka sa irinta ga mota, suka shiga tsere da ita. Daga nan abin ya game duniya. Har a Nijeriya an yi zamanin da ake ƙera taya, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikko, amma na farko ya rufe cikin 2007, na biyu ya daina cikin 2008. Yawancin tayoyin da ke bin hanyoyin ƙasar Katsina daga waje suke zuwa, da yawa kuwa an riga an mora su a wata ƙasa kafin su iso.

To, a garin Ƙanƙara akwai wani direba, dattijo, wanda ya shekara fiye da talatin yana jigila. Da Fijo ya fara, yanzu wata tsohuwar Golf yake ja. Hanyoyinsa sanannu ne: Ƙanƙara zuwa Sheme a ƙasar Faskari, daga nan ya hau babban titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, wani lokaci ya kai har 'Yankara. Da kaka kuma, in hatsi ya shigo, yakan bi ta Funtuwa ya faɗa Ɗandume, ya zarce Sabuwa. Ba ya shan taba, ba ya gudun wuce sa'a, kuma da girmansa ya shiga ajin yamma ya koyi karatun boko, don ya gaji da miƙa wa wani takardun motarsa ya karanta masa.

A zamanin samartakarsa, in taya ta sace a daji ba a ɗaukar abin da zafi. Fasinja su sauka su nemi inuwa, yaron mota ya kafa jak, masu salla su yi salla, wani Bafillace ma ya kawo nono a saya. Amma zamani ya juya wa wannan yanki. Ranar 11 ga Disamba 1920 ba ta cikin lissafin kowa, amma ranar 11 ga Disamba 2020 ba wanda ya manta da ita a Ƙanƙara, domin a daren nan 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, sai bayan kwana shida aka samo su. Cikin 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, aka kuma katse layukan waya na watanni a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Cikin shekarun nan direbobi suka koyi wani lissafi da ba su san shi ba a da, watau lissafin mintocin da mota ta yi tsaye a inda ba gari. Wanda ya koyi wannan lissafi ba ya saurin sakinsa.

Saboda haka ne babban ɗansa, wanda ke gyaran waya a Kano, ya zo masa da tsaraba wata ƙaramar Salla. Wani abu ne baƙi, bai fi rabin bulo ba, da ɗan guntun tiyo a jikinsa, da gilashi mai nuna lamba. Ya ce, "Baba, famfon taya ne. Ba ya son fetur, ba ya son a taka shi da ƙafa. Caji ake yi masa kamar waya." Dattijon ya jujjuya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai ɗaga motar da ke ɗauke da mutum shida? Kai dai ka yi ɓarnar kuɗi." Yaron bai yi musu ba. Ya tsuguna, ya rage iskar tayar baya, ya ɗaura tiyon a bakin bawul, ya danna. Abin ya kama ƙugi kamar ƙaramin injin markaɗe, lambar tana hawa ɗaya bayan ɗaya, da ta kai inda aka ce ta tsaya sai ya yi shiru da kansa. Gani ya kori ji.

Ba wani sihiri a cikinsa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga zugazugi ya riga ya san asalinsa. Maƙeri yana ɗaga fata ta sha iska, ya danna ta ta fesa cikin wuta. A cikin famfon nan akwai ɗan fistin kamar kan babban yatsa, yana kai da komowa cikin wani ɗan bututu, ya zuƙi iska ta wata kafa, ya tura ta ta wata, kafar kuwa ba ta barin iskar ta dawo. Abin da ke juya fistin ɗin ƙaramin inji ne na lantarki, abin da ke ciyar da injin kuwa batir ne irin na wayar hannu, wanda ake kira litiyam. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irin wannan batir cikin 1991, kuma cikin 2019 aka ba masana uku da suka ƙago shi kyautar Nobel. Shi ne ya sa abin da dā sai an ɗora shi a baro yanzu yake shiga ƙarƙashin kujera.

Amma amfanin da dattijon ya fara samu ba a daji ya same shi ba, a ƙofar gidansa ne. Famfon yana da geji a jikinsa, kuma geji ba ya jin kunyar kowa. Shekara talatin yana auna taya yadda ya ga iyayen gidansa na yi: ya doke ta da sifana, ya saurari amo, ko ya danna ta da babban yatsa. Ran da ya bi tayoyinsa huɗu da gejin, sai ya tarar ɗaya tana 26, ɗaya 45, sauran biyu suna tsakani, alhali duka sun ba shi amo mai daɗi. Taya ta zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba.

Sa'an nan ɗansa ya nuna masa wata 'yar takarda da kamfani ya manna a jikin motar, wadda ya yi shekaru yana gani bai taɓa kula ba. A wasu motoci tana jikin ƙarfen ƙofar direba, a wasu tana bayan murfin tankin mai. A nan aka rubuta awon da ya dace da tayar gaba da ta baya, in mota ba kaya, da kuma in ta cika. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke so, a awon da ake rubutawa PSI. Akwai wani awon kuma da ake rubutawa BAR, wanda Turawan Jamus da Faransa suka fi aiki da shi, BAR ɗaya kuwa ya yi PSI 14 da rabi. Saboda haka wanda ya ga 2.2 a takarda kada ya rikice, kusan 32 ke nan. Lalle mutum ya duba haruffan da ke gefen lambar kafin ya danna. Babbar lambar da ke rubuce a jikin taya ita kanta kuwa ba umurni ba ce, iyaka ce, watau abin da ba a ƙetarewa.

Nan ne ya yi gardama da mai facin tasha, wanda suka shekara ashirin suna hulɗa. Mai faci ya ce, "Haba Alhaji, motar haya da kaya, a kan wannan hanya, in ba ka ba ta 45 ba ai kwanciya za ta yi." Dattijon ya ce, "Malam, ni ma haka na sani. Amma wanda ya ƙera ta ya rubuta nasa, ga shi kuwa na karanta." Kowannensu yana da abin kamawa, gama mota mai kaya tana bukatar ƙarin iska, takardar ma ta faɗi haka. Sai dai ƙarin yana da iyaka. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke cin ƙasa, sai ta suɗe da wuri, ta riƙa tsalle a kan gargada, birki kuma ya rage kamu. Wadda iskarta ta gaza ita ce mugunya. Gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sai zafi ya taru a ciki kamar waya da ake lanƙwasawa don a karya, har ta yi bindiga ana tsakar gudu. Tana kuma jan mota baya, ta sa ta shan mai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin fetur cikin Mayun 2023.

Wani abu kuma da ya koya shi ne lokacin awo. Iska tana kumbura in ta ji zafi. Tayar da ta taso daga Sabuwa da rana tsaka cikin bazara za ta nuna lamba sama da ta gaskiya, wanda ya rage mata iska a lokacin nan kuwa, da safe zai tarar ta gaza. Don haka da asuba yake awo, bayan ya dawo daga masallaci, kafin mota ta motsa. Da hunturu, in sanyi ya sauka, yakan ga lamba ta faɗi da ɗaya ko biyu ba tare da wani huji ba. Kuma ko taya lafiyayya ce tana zurarar da kaɗan kowane wata. Safaya ma yana bi ta kanta, gama ita ce aka fi mantawa, har ran da aka neme ta a tarar ta bushe.

Ranar da abin ya biya kuɗinsa wata Laraba ce da damina, bayan la'asar, ya baro Sheme ya nufi gida da fasinja shida da buhu biyu a but. Ya ji sitiyari yana ja hagu. Ya daure har ya kai wani wuri mai fili, inda ake hango nesa, ya tsaya bai kashe mota ba. Ƙusa ce ta shiga tayar gaba, iska na fita a hankali. Wani saurayi cikin fasinja ya kai hannu zai cire ta, dattijon ya ce, "Kul, yaro, bar ta. Ita ce ta toshe ramin." Canza taya yana nufin a sauke buhuna, a ciro safaya, a kafa jak a kan ƙasa mai laka, a kwance noti, aikin da ba ya kasa sulusin sa'a. Ya ɗaura famfon. Wata tsohuwa a kujerar baya tana ta jan carbi, ba wanda ya ce uffan, sai ƙugin abin kaɗai. Cikin minti biyar lamba ta kai, suka tashi. Ya sake tsayawa sau ɗaya a bakin wani ƙauye ya ƙara, suka shiga Ƙanƙara ana kiran magariba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya fi haka. Famfon ba ya faci. Ya yi aiki ran nan ne don tayar irin marar tif ce, wadda ke riƙe ƙusa ta riƙa sakin iska sannu sannu. Da mai tif ce, ko da gefen tayar ne ya yage a bakin rami, ko da ta rabu da bakin wili, da duk abin da ya tura waje zai fita. Ga babbar mota kuwa, irin masu ɗaukar hatsi daga Ɗandume, bai isa ba, domin tayarsu tana son awo kusan 100, cikinta kuma rumbu ne. Batirinsa zai ƙare bai kai ko'ina ba. Ga babur da keke da ƙaramar mota nan ne gidansa.

Yana da nasa halin kuma da sai an bi shi. Yana yin zafi, har bakin tiyon ya ƙona yatsa, don haka in ya yi kamar minti goma sai a bar shi ya huce. Batirin litiyam ba ya son rana. Wanda ya bar shi a kan dashbod cikin watan Afrilu, gilasai a rufe, yana kashe shi, wani lokaci ma yakan kumbura ya kama wuta. Kuma ko ba a taɓa shi ba cajinsa yana raguwa, famfon da ba caji kuwa dutse ne. Dattijon yakan kai shi shagon masu caji da sola duk ranar Juma'a, tare da wayarsa, in kuwa tafiya ta yi tsawo ya jona shi a jikin mota. Kasuwa kuma ta cika da iri iri, wasu an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, wasu gejinsu na ƙarya. Shi ya sa ya gwada nasa da gejin hannu na wani direban asibiti, ya ga sun yi daidai, sa'an nan ya amince da shi.

Mai faci bai rasa abokin ciniki ba. Ƙusar ran nan shi ya cire ta washegari, ya toshe ramin, ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya canza shi ne, in ya gama ya kunna injinsa ya ba taya iska, sai dattijon ya tsuguna ya ɗaura nasa gejin. Da fari abin ya ɓata wa mai faci rai, har ya yi kwana biyu gaisuwarsa a taƙaice. Yanzu kuwa in wani direba ya yi masa gardamar awo, yakan aiki yaronsa ya leƙa layin motocin Sheme, ya ce in Alhaji bai tashi ba a aro abin nan nasa.