Sassafe Akan Kama Fara: Rarraba Kalmomi a C++

Nazarin Hausa ne ya haɗa ni da harshen kwamfuta na C++. Duk mai son ya ƙirga kalmomin littafi da kwamfuta, dole ya fara nuna mata inda kalma take ƙarewa: a sarari, ko waƙafi, ko aya. Hanyar da aka saba ita ce a ba manhaja jerin waɗannan alamomi, ta riƙa kwatanta kowane harafi da jerin a lokacin da take aiki. Idan rubutun ya kai haruffa miliyoyi, wannan kai-da-komo yakan ci lokaci.

Bjarne Stroustrup ne ya fara ƙirƙiro C++ a 1979. A shekarar 2011 aka ƙara masa wata dabara, wato tamfilet mai karɓar abubuwa komai yawansu. Tamfilet kamar injin bulo yake: ka ba shi siffa, ya yi ta fitar da irinta. Kafin manhaja ta yi aiki, akwai tafinta da ke juya rubutunta zuwa harshen na'ura. Da wannan dabara, tun a wajen tafinta ake faɗin alamomin, shi kuma ya rubuta gwajin kowace alama kai tsaye. Daga 2017 kuma ana iya nuna yankin kalma ba tare da an kwafe ta ba.

To amma mai karatu, kowane allazi da nasa amanu. Fassara takan daɗe, kuma idan an yi kuskure, saƙon tafinta yakan cika shafi. Sannan abin da aka sa tun farko ba ya canjuwa sai an sake fassara. Nan ne Hausa take shigowa. Wanda bai san harshenmu ba zai iya lissafa alamar da ke cikin 'ya'ya da sa'a a jerin masu raba kalma, sai sa'a ta koma sa da a.

Ni dai na gamsu da saurin dabarar, amma zaɓen alamomin aikin masanin harshe ne. Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ɗaliban Hausa mu zauna da masu rubuta manhaja tun ranar da ake tsara wannan jeri.