Dandalin Da Ya Yi Shiru

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwa abin da na gani a ƙasar Zamfara.

Cikin 2022 na tashi daga Gusau, na bi hanyar Sakkwato har Talata Mafara, sa'an nan na ratse zuwa ƙauyen kawuna. A da, in farin wata ya fito, ba ka jin kome sai sowar yara a dandali, maza na langa da kokawa, mata na gaɗa. Wannan karo kuwa, da yin magariba sai kowa ya ja ƙyaurensa.

Na tambayi kawu dalili. Ya ce tun da 'yan bindiga suka kwashe 'yammata 279 daga makarantar Jangebe cikin Fabrairu 2021, ba uban da ke barin ɗansa ya yi nisa da zaure. Cikin Satumba 2021 kuma aka rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Gonakin nesa sun gagari noma, nono ya yi wuya, zumunci ya yanke.

Na duba jikokinsa, tausayi ya kama ni. Akwai mai shekara tara, in ka gan shi sai ka ce shida. Na sa su tsere daga bakin rijiya zuwa gindin tsamiya, ba su kai rabi ba sai haki.

Jama'a, tsawon yaro daga abinci yake, amma ƙarfin ƙashi da na numfashi sai da guje-guje da tsalle. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kullum. To, yaro ba ya langa shi kaɗai. In an raba shi da tsaransa, an raba shi da rabin lafiyarsa ke nan.

Saboda haka ina roƙon dagatai da masu unguwanni, tun da dare ya gagara, a mai da dandali da la'asar a ƙofar gidan mai gari, dattawa na zaune suna duba yara. Wannan ba ya cin ko kwabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Matafiyi, Zariya.