Randar Mai Gadi

A wata makaranta ta Damagaram akwai wani tsoho mai gadi. Ba ya yarda a jefar da randa don ta tsage. In ta daina riƙe ruwan sha, sai ya huda gindinta da ƙusa a hankali, ya zuba tsakuwa, ya cika ta da rairayi da ɗan taki. Hudar nan ita ce babban abu. In babu ita, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe.

Babbar randarsa aikin maginan tukwane na Mirya ce, ja wur, da zane a wuyanta. Kariya ya dasa a ciki. Kariya itaciyar daji ce mai kumburarren gindi, a nan take ajiye ruwanta. Da rani takan zubar da ganye, ta tsaya tsirara kamar ta mutu. Lokacin nan ne kuma take fid da furanni ja-ja, sa'ad da ko ciyawa babu a fili.

Wurin ajiye randar ya fi ba shi wahala. Ya kai ta gindin bango, ba wanda ya kula da ita. Ya kai ta ƙarƙashin bedi, inuwa ta hana ta fure. Daga baya ya ɗora ta bisa tubali uku a tsakiyar garkar makaranta, daidai inda hanyoyi biyu suka haɗu. Duk wanda ya shigo ƙofa, ita yake fara gani. Ya kewaye ta da ƙananan tukwane na ɗoɗɗoya da na'ana'a, ba ko ɗaya da ya kai ta tsawo. Yara sun kawo gwangwanaye su ƙara, ya ƙi. Yana da gaskiya: in tukwane sun yi yawa, ido ba ya sanin inda zai tsaya. Gwangwani kuma yakan yi zafi da rana, ya ƙona saiwa.

Ruwa yana da tsada a Damagaram da bazara. Ƙananan tukwanen suna shan ragowar ruwan alwalarsa safe da marece. Kariya kuwa, buta ɗaya a mako ta ishe ta.

Abu guda ya hana yara: karya reshenta. Ruwan da ke fita jikinta dafi ne, maharba na dā da shi suke shafe kibiya. Wanda ya taɓa shi, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.