Rijiya ta bayar, guga ya hana

A ranar 30 ga watan Afrilu 1993, cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba ta yi wa duniya kyautar fasahar shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro, ba ta nemi ko dala ba. Rijiya ta bayar ke nan. Gugan da ya so ya hana, daga Amurka ya ɓullo.

A 1994, Michael Doyle da abokan aikinsa biyu na Jami'ar Kalifoniya suka nemi takardar mallakar wata dabara: yadda manhajar buɗe shafuka za ta tayar da hoto mai motsi ko sauti a cikin shafin kansa, har mai kallo ya iya sarrafa shi. An ba da takardar a 1998. Shekara guda bayan haka, Eolas, kamfanin Doyle, ya kai ƙarar Microsoft a kan manhajar Internet Explorer. A 2003 wata kotu a Shikago ta ɗora wa Microsoft biyan dalar Amurka miliyon 521.

Microsoft mai ƙarfi ne, ya ɗaukaka ƙara. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne masu ƙananan shafuka. Domin ya kauce wa takardar, a 2006 kamfanin ya sake fasalin manhajarsa: duk bidiyo ko maɓallin Flash da aka dasa cikin shafi, sai mai kallo ya latsa shi sau ɗaya don ya farkar da shi kafin ya amsa umurni. Latsa guda ba komi ba ce ga ido, amma ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi idan mai saye ya tura ƙofar kanti ta ƙi buɗuwa. Dole masu gina shafuka suka koma suna gyaran aikin da suka riga suka gama, suna ɗauko bidiyon ta wani rubutun JavaScript na daban. An sasanta a 2007, aka cire latsar a 2008, amma wahalar da aka sha babu mai biyan ta.

A 2009 Eolas ya sake kai ƙarar kamfanoni fiye da 20, har da Google da Amazon. A wannan karo Berners-Lee da kansa ya je garin Tyler na jihar Teksas ya ba da shaida. Aka kuma gabatar da Viola, tsohuwar manhajar da Pei-Yuan Wei, ɗalibin wannan jami'a ta Kalifoniya, ya rubuta tun kafin a nemi takardar. A 2012 kotu ta rushe mallakar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013.

Haƙƙin mai ƙirƙira haƙƙi ne, ba a musun sa. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai rumfa da mai cewa hanyar kasuwa tasa ce. Ofishin da ya buga hatimi a 1998 bai tantance wannan ba, aka kwashe shekara 15 ana gyaran kuskurensa. Abin da ya warware rigimar kuwa shi ne tsohon aikin ɗalibi da aka adana tare da kwanan watansa. Ma'aikacin da ke raina ɗakin ajiyar takardu, ya tuna da Viola.