Farin Hayaƙi a Kilomita Biyar

Akwai wani mai bishara a Bangui wanda mahaifinsa ya zo daga Garwa da fatauci, ya zauna a unguwar Kilomita Biyar. A nan aka haife shi, nan ya koyi Hausa tun kafin ya iya Sango. Da rikici ya ɓarke a watan Disamba na 2013, ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa. Ko da Paparoma Francis ya ziyarci Masallacin Koudoukou ran 30 ga Nuwamba 2015, mutane suna ta murna a titi, shi bai taka wurin ba. Tsoro bai sake shi ba tukuna.

Ikkilisiyarsu tana da tsohuwar mota Peugeot 504, ita ce ta kai marasa lafiya asibiti, ita ce kuma ta ɗaukar gawa. A 2016 ta soma fitar da farin hayaƙi ta salansa, injin kuwa yana rawa yana tsallake kamar mai ɗingishi. Ya kai ta wani gareji, aka leƙa daga nesa aka ce gasket ɗin kan injin ne ya ƙone, sai an sauke kan. Kuɗin da aka faɗa ya fi baikon wata uku. Ga shi kuma ranar Asabar zai kai matan zumunta taro a Boali.

Matarsa ce ta tuna masa da tsohon bakaniken da yake gyara a bayan masallacin, abokin mahaifinsa. Ya yi kwana biyu yana jinkiri. Ran na uku ya yi addu'a, ya kama titin Koudoukou, hannunsa yana zufa a kan sitiyari.

Tsohon yana nan a ƙarƙashin rumfarsa ta kwano. Ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ɗan marigayi ne? Ina iyali?"

"Suna lafiya, Baba."

"Madalla. Buɗe bonet."

Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Ya ce hayaƙi iri uku ne: baƙi na fetur ne da ya yi yawa, mai shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne da yake ƙonewa, fari kuwa yawanci ruwa ne ya shiga inda wuta take. Amma yawanci ba kullum ba ne. Da yake injin ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ruwa cike. Ya sa aka tayar da mota, ya zuba wa ruwan ido, babu kumfa ko ɗaya da take tasowa. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man bai yi launin shayi da madara ba. In gasket ne ya fashe, in ji shi, da wuya ɗaya cikin ukun nan bai tona asiri ba.

Sai ya durƙusa a bayan motar ya shaƙi hayaƙin. Tururin ruwa yakan watse nan da nan. Wannan kuwa yana tsayawa a iska, yana yaji a ido.

"Fasto, yaushe ya fi fitowa?"

"In ina gangara, ko in na taka birki, Baba."

"Man birki fa, kana ƙarawa?"

Mai bisharan ya yi shiru. Kowane mako yakan ƙara, bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba, don haka bai ɗauke shi a bakin kome ba.

Tsohon ya shiga cire wayoyin fulogi, wanda a can suke kira buji, ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki in an cire sai injin ya ƙara rawa. Na huɗun da aka cire, babu abin da ya sake, wato dama ba ya aiki. Ya kwance shi, ga shi jiƙe. Kusa da wurin ne wata mesa take shiga bututun da yake kai wa injin iska, ta fito daga baƙar tukunyar nan da take sa birki ya yi taushi a ƙafa. Injin ne yake zuƙe iskar tukunyar ta wannan mesa. Ya zare ta ya girgiza, man birki ya zubo a tafin hannunsa.

Robar famfon birki ce ta mutu. Man yana tsiyaya cikin tukunyar a ɓoye, injin yana zuƙa yana ƙonawa. Da an sauke kan injin, da kuɗin ikkilisiya sun tafi, hayaƙin yana nan, birkin kuma yana ƙarewa a hankali. Wanda ya san gangaren hanyar Boali ba sai an yi masa bayani ba.

Mai bisharan ya nemi benci ya zauna, gama ƙafafunsa sun yi sanyi. Mata shida ne suka rubuta suna, har da matarsa.

Aka aiki yaro kasuwa ya samo roba da fulogi ɗaya da tsohuwar tukunya mai kyau, domin man ya riga ya ci fatar da take cikin ta farin. Suna cikin ɗaurawa aka kira azahar. Tsohon ya wanke hannu, ya miƙa masa makullin akwatin kayan aiki, ya ce, "Riƙe mini, ɗana, ina zuwa." Ya zauna shi kaɗai a rumfar, da makulli a hannu, masu wucewa zuwa masallaci suna yi masa sannu.

Da la'asar aka fitar da iska daga birkin, aka tayar da mota. Ta yi ɗan hayaƙi na abin da ya saura a salansa, sa'an nan ta daina. Kuɗin kaya kaɗai tsohon ya karɓa. Ya sa yaronsa ya shiga gaba ya raka shi har bakin unguwa, ya kuma ce in ya dawo daga Boali ya kawo ta a duba birkin baya.